Abin da Wuyan Hannu Ya Sani

A Suwame, Kawu Mumuni bai taɓa neman ma'auni ba.
Ya ɗora sufana kan noti,
ya ja, ya ƙara ja,
sai ya tsaya cak kamar an kira sunansa daga nesa.
"Ya isa."
In ka ƙara, zare ya cinye;
in ka rage, taya ta yi sallama da kai a hanyar Tamale.
Shekara talatin da ɗaya hannun bai yi masa ƙarya ba,
har ranar da jak ya zame
ƙarƙashin wata tsohuwar tifa.

Ni kuma ga ni a jami'a, hawa na biyu,
ɗakin da fanka ke tari,
ina so in ɗauko abin da ya bari ƙarƙashin tifar nan
in cusa shi cikin ƙarfe
da bai kai ƙwayar wake ba.

Haƙarƙari huɗu na zana masa,
sirara, har mai injin yankan ya ce ko wasa nake.
Ƙarfe ma yana lanƙwasa, ba ya dai so a gani.
Kan kowane haƙarƙari na manna zaren waya
da hantsaki, ina riƙe da numfashi,
don in an danna ya miƙe kaɗan,
lantarki ya ji wuyar wucewa kaɗan.
Wannan kaɗan ɗin
shi ne duk karatuna.

Na farko a yatsuna ya karye.
Na biyu gam ya yi masa yawa, ya kurmance.
Na bakwai maƙaryaci ne:
na danna, ya ce murɗawa na yi,
na murɗa, ya rantse daga gefe aka ture shi.
Afriyie ta leƙo allon ta ce,
"Wannan ai shaidan rikicin fili kika ƙera."
Na sha ɗaya zafin gari yake bi,
da hantsi lambarsa daban, da la'asar daban,
alhali ko ƙuda bai sauka kansa ba.

Duwatsun awo suna kabad,
makullin ya tafi taro Ankara cikin aljihun wani.
Sai na jera tsabar fesewa, ɗaya kan ɗaya,
ina rubuta abin da ya ce.
Na kwashe su, ɗaya bayan ɗaya,
bai koma sifili ba.
Ashe ƙarfe ma yana da riƙo.

Na sha takwas na kai Aboabo ranar Asabar,
a kan yatsan roba,
da wani ɗan abu mai kaɗawa da na ɗaure masa a dantse.
Inna Barikisu ta ba da ƙwai uku, tana ƙirgawa da ido.
Na farko ya fashe.
Na biyu ya tsage.
Na uku ya ɗaga shi har daidai gemunsa,
ya daɗe yana kallo,
yaran gidan duk sun daina tauna.

Bai ce komai kan ƙwan ba.
Ya ce a miƙo rediyonsa da sukuddireba.
Ya ɗora, ya murɗa, ya ƙara,
ya tsaya.
Lamba ta tsaya a allona bayansa.

"Abin naki yana ji," in ji shi,
"amma sai na gama sani yake faɗa."

Na hau mota a tasha da kwanon waken Inna a cinya.
Kafin mu wuce Oforikrom
na soma zana na sha tara a bayan rasit,
haƙarƙarin ya ƙara sirancewa,
biro yana tsalle duk inda muka faɗa rami.